Sharhi: naɗin koyil ɗin injin ruwa a wurin wani dattijo a Sabon Garin Kano

Injin tura ruwa tankin sama ne, mai ƙarfin doki ɗaya, irin mai juyi kusan 2,850 a minti. Ya yi ta gurnani bai tashi ba, can sai ƙauri ya cika tsakar gida. Na kai shi wurin wani dattijo mai naɗin koyil, kuma wata huɗu ke nan injin yana aiki, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa waya ba sai da ya gano abin da ya ƙona ta. Ya buɗe injin, ya kalli launin ƙunar. Koyil biyu ne a ciki, na tayarwa mai siririyar waya da na aiki mai kauri. Na aikin ne ya yi baƙi ƙirin, na tayarwa kuwa da sauran jansa. Sai ya ɗora kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin tashi, a mita: an rubuta 25 a jikinta, ta nuna 9. Ya ce, "Alhaji, ga ɓarawon nan." Kafasita in ta mutu injin ba ya iya tashi, sai ya tsaya cak yana zuƙar wuta har waya ta dahu. Wanda ya naɗa sabon koyil ya mayar da tsohuwar kafasita, ko mako ba za a yi ba za a dawo masa da injin.

Wajen cire tsohuwar waya ma akwai bambanci. Da yawa suna jefa gangar ƙarfen da aka naɗa wayar a cikinta cikin wuta don aiki ya yi sauri, alhali faranten ƙarfen da aka jera a ciki kowanne da rufinsa, kuma wuta mai ƙarfi tana cinye rufin. Daga nan injin zai riƙa zafi ko da an sa masa waya mafi tsada a kasuwa. Shi ya yanke kan koyil ɗin ta gefe ɗaya, ya ɗan gasa kaɗan don banish ya saki, ya zaro da filaya. Ramukan da waya ke kwanciya a ciki 24 ne. Ya ƙirga zagayen kowane ɗauri ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a littafi, ya auna kaurin wayar, sannan ya ɗora tsohuwar gaba ɗaya a sikeli don sabuwar ta zo daidai da nauyinta.

A nan ne masu aikin araha ke cin riba. Su rage zagaye, ko su sa waya da ta fi siranta, ko kuma alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka yake iya wucewa da ita, ga shi ba ya kama dalma da kyau, sai mahaɗa ta yi zafi ta saki. Da reza ya kankare bakin wayarsa a gabana, ja ce har ciki. Duk mai kai gyara ya nemi a yi masa haka.

Sauran aikin bai yi masa ha'inci ba: sabuwar takarda a kowane rami, tsinken gora ya danne waya, ɗauri da zare, banish, sannan busarwa a akwati mai kwan fitila har kwana guda. Ya canza boris biyu da sil mai tare ruwa, domin sil in ya yi yoyo ruwa yana bin shaf, wato sandar da ke juyawa, ya shiga koyil.

Inda nake da ƙorafi: kwana biyu ya ce, aikin ya kai biyar, kuma babu wata takardar garanti sai maganar baki. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa, amma duka da kayan bai kai rabin kuɗin sabon inji ba.

Kafin ya miƙo mini, ya gwada ko wuta na taɓa jikin injin, ya haɗa shi da durom ɗin ruwa, ya bar shi minti talatin da mita a maƙale a waya. Wutar da yake ja ba ta haura abin da aka rubuta a farantin jikinsa ba. Na ɗora tafin hannu a bayansa, ɗumi ne kawai. Ya kuma gargaɗe ni kada a kunna shi in wuta ta yi ƙasa har fanka tana jan jiki, ko in babu ruwa a bututu.