Sharhi kan mai gyaran tayil da ya yi mana aikin falo da banɗaki

Wannan mai sa tayil da ya gyara mana ɓarnar da aka yi a gidanmu ya san aikinsa, yana da tsada, kuma ba ya sauri. Idan kana son a gama maka kafin biki ko suna, nemi wani. Idan kuma kana son daɓen da za ka manta da shi, to shi ne.

Matsalarmu biyu ce. A falo, tayil mai santsi, irin mai santimita 60 da 60, ya fara ƙara idan an taka, har wata rana da zafin Afrilu layi guda kusa da ƙofa ya kumbura ya tashi, biyu suka tsage. A banɗaki kuwa ruwan wanka ba ya bin magudana, ƙofa yake nufa, sai uwargida ta bi shi da tsintsiya kullum. Wanda ya yi aikin farko ya daina ɗaga waya tun da ya karɓi cikon kuɗinsa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai zo da guduma da niyyar fasa komai ba. Wasu da na kira kafin shi duk bakinsu ɗaya: a ɓalle falon gaba ɗaya a sayi sabo. Shi kuwa sai ya durƙusa da mabuɗin babur ɗinsa yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, yana sa alama da alli a kan duk wanda ya yi amo irin na ganga. Da ya gama, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke da alamar. Ya ɗaga guda ɗaya ya juya min bayansa. Tas yake, kamar yanzu aka zaro shi daga kwali. A ƙasa kuma curin siminti ne a kusurwa huɗu da tsakiya, sauran wurin duk iska. Ya ce, "Alhaji, wannan ajiye shi aka yi, ba a liƙa shi ba."

Bayanin da ya yi min ya shiga kaina. Tayil iri biyu ne a kasuwa. Akwai na yumɓu mai shan ruwa, wanda ake jiƙawa kafin a sa, siminti da yashi na kama shi. Akwai kuma mai tauri da ake kira fosilin, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, don haka kwaɓin siminti ba ya samun inda zai riƙe a bayansa. Wannan gam ɗin tayil yake so, a shimfiɗa da cokali mai haƙora, a kuma shafa kaɗan a bayan tayil ɗin. Namu fosilin ne aka yi masa aikin na yumɓu. Kumburin kuwa daga rashin tazara ne: an matse su da juna, an kuma tura su har jikin bango, da zafi ya buɗa su sai suka rasa inda za su motsa, suka yi sama. Da ya mayar, ya sa ƴan robobin tazara na milimita 3 a tsakani, ya bar ɗan fili a gindin bango wanda sikatin, wato siririn tayil da ake zagaye gindin bango da shi, ya rufe.

Inda muka sha wahala shi ne launi. Mun zaga kasuwar kayan gini ta Kofar Ruwa a Kano da ɓallin tayil a hannu, mun sami zane iri ɗaya, kamfani ɗaya, amma lambar da ke jikin kwali, mai nuna rukunin da aka gasa tare, ta bambanta, kuma sabon ya ɗan fi duhu. A shago ba ka gani, sai an shimfiɗa su gefe da gefe hasken taga ya faɗa a kai. Dabarar da ya yi ta ba ni dariya: tunda tsofaffin ba su kama ba, da yawa sun fito lafiya, sai ya mayar da su tsakiyar falo inda ido ke sauka, sababbin ya jera su ƙarƙashin kujeru da bayan teburin talabijin. Baƙo ba zai lura ba. Ni da na sani ina gani, amma ba ya damuna. Ya kuma sa na ƙara kwali biyu na ajiye a sito. Kwalin 60 da 60 guda 4 ne a ciki, murabba'in mita 1.44, kuma ya ce duk mai saye ya ɗora kashi 10 cikin 100 a kan awonsa saboda yanka da fashewa.

Banɗaki kam babu ceto, fasa shi aka yi duka. Ya sake zuba daɓe da gangara, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa magudana, ya shafa maganin hana yoyo har ya hau bango kaɗan, ya toshe magudanar ya cika wurin da ruwa ya bar shi awa 24 don a ga ko zai ragu. Sannan ya ƙi sa babban tayil da na so, ya ce mai 30 da 30 mai kaushi ya fi bin gangara kuma ba ya kayar da tsoho. Na yi gardama, ya tsaya a kan bakarsa. Yanzu ana zuba bokiti, ruwan na tafiya inda aka ce ya je.

Aibinsa fa? Lokaci ba ya gabansa. Ya ce bayan asuba, sai hantsi ya dubi ludayi ka ji ƙarar babur ɗinsa. Yana haɗa aikinka da na wani wuri bai gaya maka ba. Yaransa kuma suna yanka tayil da injin giranda a busasshe a tsakar gida, ƙura ta shiga har cikin tukwane, sai da na matsa suka koma waje suna zuba ruwa. Ɓaraguzai ma sun bar mana a ƙofar gida, ni na nemi mai kura ya kwashe, alhali na ɗauka yana cikin jinga. Wanda zai ba shi aiki ya faɗi wannan tun wurin ciniki.

Kuɗin hannunsa ya fi na wanda ya yi aikin farko nesa ba kusa ba, ga gam da ya fi siminti tsada. Sai dai da murabba'in mita yake lissafi, ya auna a gabanka, bai taɓa cewa in ba shi kuɗin kaya ya sayo da kansa ba, kuma rabin kuɗi kawai ya karɓa kafin alƙalami. Cikon sai da ya miƙo min mabuɗin ya ce in ƙwanƙwasa duk inda nake so. Damina da hunturu da bazara sun wuce a kan aikin, babu wanda ya motsa. Kicin ne ya rage, kuma shi zan kira, amma wannan karon sai mun rubuta ranar gamawa a takarda.