Sauya na'urar ɗumama gida da ta sanyayawa: abin da muka kashe da abin da muka samu

A garin Kolombos na jihar Ohayo muke zaune, a Amurka. Gidan da muka saya tsoho ne, kuma na'urar ɗumama shi mai amfani da gas ta haura shekara 20 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wani dare a watan Fabrairun 2025 ƙararrawar da ke gano iskar guba ta kabon monoksaid ta tashe mu. Muka kwashi yara da barguna muka shige mota, Hajiyarmu da ta zo mana daga Kano tana ta salati, haƙoranta na kaɗawa. Washegari mai gyara ya haska tocila cikin injin, ya nuna mini tsagewar da ta kai tsawon yatsa a jikin ƙarfen da wuta ke gasawa. Nan take ya rufe gas ɗin.

Ita kuma na'urar sanyi ta waje da iskar R-22 take aiki, wadda aka daina sarrafawa da shigo da ita Amurka tun farkon 2020, don haka ko ƙara mata iska sai an ji a jiki. Muka yanke shawarar sauya duka biyun lokaci guda.

Kamfani uku na kira. Na farko ko minti 15 wakilinsa bai yi ba, ya duba lambar jikin tsohon injin ya ce dala 16,800, amma idan na sa hannu a ranar zai rage 2,000. Wannan gaggawar ce ta sa na janye jiki. Na biyu ya faɗi 8,900 ta waya, bai ga gidan ba, kuma babu maganar takardar izini daga hukumar gari. Araha ba ta ado.

Na ukun shi na ɗauka, a kan dala 11,400. Mutumin ya kusa awa biyu yana auna ɗakuna, yana ƙirga tagogi, har saman silin ya leƙa. Ya ce na'urar sanyinmu mai tan 4 (tan a nan ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne, ba nauyi ba) ta yi wa gidan girma, tan 3 ta wadatar. Da farko ban yarda ba, don a ganina babba ai ta fi. Ya bayyana mini cewa babba tana saurin sanyaya ɗaki ta mutu kafin ta tsotse laimar da ke cikin iska, shi ya sa gidan ke yin danshi da bazara. Gaskiyarsa ce, don kullum sai tawul ɗinmu ya kwana bai bushe ba.

Kuɗin ya haɗa da injin ɗumama mai mayar da kashi 96 cikin 100 na gas zuwa zafi, da na'urar sanyi mai sabuwar iskar R-454B wadda ke maye gurbin wata tsohuwar iskar mai suna R-410A, da izini, da kwashe tsofaffin. Mutum uku suka yi aikin a yini ɗaya. Sun shimfiɗa leda tun daga ƙofa, suka kuma sa wa takalmansu riga da na ce muna sallah a kan kafet ɗin. Wannan ya ƙara musu daraja a idona.

Inda suka gaza: irin wannan injin ɗumama yana zubar da ruwa ta wani siririn bututu, su kuwa ba su karkata shi yadda ya kamata ba. Bayan kwana huɗu na sauka na tarar ruwa ya jiƙa buhun shinkafa da kwalin littattafan yara. Sai da na kira sau uku kafin aka zo. Sun gyara kyauta, sun ba da haƙuri, amma jiran ya ɓata mini rai.

Batun biya kuma, a kula. Sun kawo tsarin bashi na wata 18 "babu ruwa", amma a ƙasan takardar an rubuta cewa idan wa'adi ya cika da saura ko dala ɗaya, za a ɗora kuɗin ruwan tun daga ranar farko. Ba na son abin da zai kai ni ga riba, sai na haɗa ɗaukar adashenmu na 'yan gida da ɗan abin da muka ajiye na tafiyar hutu, muka biya lakadan. Bana ba mu je Kano ba.

Yanzu mun ga sanyi mun ga zafi da shi. Kuɗin gas ya ragu, ko da yake bai kai yadda mai sayarwa ya kwaɗaita mini ba. Ƙarar da ke hana barci ta tafi, ɗakin yara na sama da ba ya ɗumi ya daidaita da sauran. Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, na biyar ɗin ya tafi da buhun shinkafar.