Ba-ruwanmu ko ƙawancen soja?

A teburin mai shayi a unguwar Nima ta birnin Accra, Alhaji ya dage cewa Ghana ta riƙe turbar Nkrumah ta 'yan ba-ruwanmu, tun taron Belgrade na 1961 da ya kafa ƙungiyarsu. Ya kawo misali da Suwizalan: ba ta cikin NATO, ƙawancen soja na ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, ba mai janta yaƙin wani. Sai dai tsaronta a wuyanta yake, aikin soja dole ne ga samarinta.

Ƙaninsa ya ajiye kofi: "Yaya, Finlan fa? Iyakarta da Rasha ta haura kilomita 1,300, ta shiga NATO a 2023." Gaskiya ne, amma inuwar akwai tsada. A 2025 mambobin suka amince da kashe kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa kan tsaro nan da 2035. Ni da ke lissafin kuɗin dokunu kullum, na fi karkata wajen Alhaji.