Wata uku ina aiki da gdbserver

Allon ARM ɗina (wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai amfani da furosesa ta ARM) ba shi da wurin ɗaukar cikakken GDB, manhajar gano kurakurai a shirin kwamfuta, shi ya sa na koma ga gdbserver, wanda ke ba GDB damar binciken shiri daga nesa. Shi yana zaune kan allon, GDB a kwamfutata, su haɗu ta umarnin `target remote`. Ɗan ƙarami ne, ba ya cin wuri.

Fayilolin .so, wato laburaren da shirye-shirye ke amfani da su tare, su ne suka ba ni ciwon kai. Ranar farko, da shirin da nake bincika ya shiga laburare, sai alamun tambaya maimakon sunayen ayyukan da ke ciki. Laifina ne, ashe libc (babban laburaren C) ta kwamfutata GDB ke karantawa, ba ta allon ba. Na kwafo /lib da /usr/lib na allon, na nuna masa da `set sysroot`, nan take `info sharedlibrary` ta jero komai. Amma fa in ka sabunta allon, sake kwafowa.