Kyamarar DSLR ko Mai Sanyaya Kanta Wajen Ɗaukar Hoton M51

Dandazon taurari na M51 mai siffar guguwa, wanda Charles Messier ya gano a 1773, haskensa dishi-dishi yake iso mana. Kyamarar DSLR, wato irin ta masu ɗaukar hoto da ake iya canja wa gilashin gaba, ta fi araha da sauƙin sarrafawa, amma idan aka bar ta tana tara haske na mintoci sai ta ɗumama, hoton ya cika da ɗigo-ɗigo, matatar hasken da ke cikinta kuma ta tare yawancin jan hasken da iskar haidurojin ta cikin dandazon ke fitarwa. Kyamarar falaki mai sanyaya kanta tana da tsada, tana buƙatar kwamfuta da lantarki, sai dai na fi karkata gare ta, domin ta fi fito da hannun M51, wato zirin taurarinsa da ya miƙa zuwa maƙwabcinsa, ƙaramin dandazon taurari na NGC 5195, har da baƙaƙen layukan ƙurar da suka gitta ta gaban maƙwabcin.