Kayan gyaran motar tsere ta rimot: na araha da na kamfani a kan sikeli

An ce araha ba ta ado, amma a motar tsere ta rimot mai girman 1/10 (kashi ɗaya cikin goma na motar gaske) maganar ba ta hau kowane sashe ba.

Sabo, wato ƙaramin injin da ke juya sitiyari, shi ne wurin da ba a yi wa rowa. Na araha marasa suna sukan zo da manyan lambobi a kwali, sai dai matsalarsu dawowa tsakiya: ka saki sitiyari bayan kwana, tayoyi su tsaya ɗan karkace, mota ta riƙa ja gefe a miƙaƙƙiyar hanya. Haƙoran giyarsu kuma ba sa jure karo. Na kamfani irin Savox ko Futaba, mai giyar ƙarfe da saurin daƙiƙa 0.10 ko ƙasa da haka a juyin digiri 60, yakan wuce mota ɗaya ya shiga ta biyu. A ƙirga haƙoran kan sabon, inda ake saka hannun da ke tura sitiyari, kafin saye: yawanci Futaba da Savox 25 ne, Sanwa 23, Hitec 24. Hannun da bai dace ba zai cinye haƙoran. Kuma sabo mai ƙarfi yana jan wuta. In na'urar sarrafa gudu ba ta iya ciyar da shi, risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, za ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar kwana.

Batirin LiPo ma haka. Lambar C da ake bugawa a jiki, mai nuna yawan wutar da batir zai iya fitarwa, talla ce kawai a wurin masu araha. Abin dubawa shi ne turjiyar wuta a cikin kowane ɗaki (ƙwayar batir), wadda caja mai kyau ke nunawa. Batir mai ɗaki biyu yana cika a bolt 8.4, maras kyau yakan yi sanyin jiki tun tsakiyar tsere, daga baya ya kumbura. Wanda ya kumbura kuwa ba na amfani ba ne, gobara ce.

Boris fa? Sayi na araha mai murfin roba, irin mai girman milimita 5x11x4, da yawa. Ƙura ce ke kashe boris, kuma ba ta tambayar kuɗinsa. Na tangaran mai tsada sai gwanin da ke neman ɓurɓushin daƙiƙa.

Babbar asara ita ce hannuwan taya, wato sandunan da ke haɗa taya da jikin mota, na alminiyam masu ƙyalli. Kyau dai akwai shi. Amma hannun roba na asali yana lanƙwasawa ya dawo, in karon ya yi yawa ya karye, a sauya cikin minti biyar. Na alminiyam yakan lanƙwashe ya zauna a haka ba tare da an lura ba, ko ya tura ƙarfin karon zuwa gidan giya, wanda ya fi tsada da wuyar kwancewa. In dole ne alminiyam, kamar a maƙalar shokazoba, a nemi nau'in mai lamba 7075, ya fi mai lamba 6061 tauri.

Kusoshi kuwa baƙin ƙarfe mai lambar ƙarfi 12.9 ya isa. Kuɗin da za a kai wa na taitaniyam gara a sayi makullan kwance kusa na milimita 1.5 da 2.0 masu kaifin baki, domin makulli mai dakushi ne ke lalata kan kusa, sauran kuma a ƙara sayen taya da ta dace da filin da za a yi tseren.