Gargaɗi ga masu sayen diski na saba: akwai tsoho da ake sayarwa a matsayin sabo dal

Jama'a don Allah ku kula, musamman ku da kuke riƙe da saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita) ko NAS (akwatin ajiyar fayil da ake haɗawa da netwok) na ofis da makarantu da situdiyon hoto. Akwai wani mai shago da yake tallar diski na Seagate Exos 16TB a WhatsApp da araha, yana cewa sabo ne dal a leda. Wallahi na hannu ne, an goge masa tarihi kawai.

Ni abin da ya same ni, muna da RAID 5 mai diski huɗu (wato diski huɗu da aka haɗa suna aiki tamkar guda ɗaya), ɗaya ya mutu, na saya a wajensa na saka, na duba SMART (bayanin lafiya da awoyin aiki da diski ke ajiyewa a kansa) ya nuna awa sifili sai hankalina ya kwanta. Wata biyu bai cika ba ya fara ƙara yana fita daga layi. To wanda ya san RAID 5 ya san diski ɗaya kawai yake iya rasawa, kuma lokacin sake gini, wato mayar da bayanai kan diskin da aka sauya, sai ya karanta sauran diskin gaba ɗaya tun daga farko har ƙarshe, abin da kan ci kwana guda ko fiye a irin wannan girman, ga NEPA tana ɗaukewa, in wani ya sake faɗuwa a tsakiyar aikin shikenan komai ya tafi. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Ashe ba sabon abu ba ne. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise ta Jamus ta fallasa irin wannan, diskin da suka yi aiki shekaru ana goge awoyin SMART a sake naɗe su a sayar, kuma ana zargin da yawa daga gonakin haƙar kuɗin intanet na Chia da ke ƙasar Sin suka fito. Amma diskin Seagate yana da wani rijista na daban da ake kira FARM, shi ma yana ajiye awoyin aikin diskin. Ka saka manhajar smartmontools 7.4 ko sama da shi, ka buga smartctl -l farm sai sunan diskin, ka kwatanta awoyin da na SMART. Nawa sama da awa 26,000 ya nuna, wato kusan shekara uku yana juyawa ba hutu!

Na koma wa mai shagon da hoton sakamakon ya ce shi haka aka kawo masa, ba canji ba mayar da kuɗi, daga baya ma ya daina ɗaukar waya.

Kafin ka biya ka karɓi siriyal lamba ka duba waranti a shafin kamfanin, in ya ƙi ba ka to ka kama gabanka. Kada ka saka diski cikin RAID sai ka gwada shi shi kaɗai tukuna. Kuma kafin ka danna sake gini ka kwashe muhimman fayil zuwa wani wuri daban, ni wannan ce ta cece ni. Wanda ya riga ya saya a wajen irin waɗannan mutanen ya je ya duba FARM yau ɗin nan.